Bindiga Mai Gane Mai Ita: Tambayoyi da Amsoshi Kan Rigimar da Ta Ƙi Ci Ta Ƙi Cinyewa a Amurka

Fiye da shekara 25 ke nan ana takaddama a Amurka kan wata irin bindiga wadda ba ta tashi sai a hannun wanda aka yi mata rajista da shi. Wanda ya ji labarin daga nesa zai ɗauka masu bindiga ne za su fara rububinta, tunda 'ya'yansu za ta kare. Sai ga shi su ne suka fi kowa yaƙarta, har ta kai ga yi wa masu shago barazanar kisa. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin.

Mece ce ita wannan bindiga?

Ƙaramar bindigar hannu ce da aka sa wa makulli na lantarki a cikinta. Bindiga ta yau da kullum ba ruwanta da wanda ya riƙe ta: yaro ɗan shekara huɗu, ɓarawo, ko mai ita, duk wanda ya ja kunama za ta tashi. Wannan kuwa sai ta tantance hannun da ke riƙe da ita tukuna. In ta gamsu ta buɗe, in ba ta gamsu ba kunamar ta zama hoto.

Tunanin ba sabo ba ne. Tun shekarun 1970 akwai wata dabara da ake kira Magna-Trigger, inda ake sa wa bindiga wani ƙarfe a cikin mariƙi wanda ba ya gocewa sai mai harbi yana sanye da zobe mai maganaɗisu. A 1996 kuma cibiyar bincike ta Sandia ta fitar da rahoto kan fasahar, saboda damuwar da ake da ita kan 'yan sandan da ake ƙwace wa bindiga a kashe su da ita.

Ta yaya take gane mutum?

Hanya biyu ce babba. Ta farko, mutum ya ɗauki wani abu a jikinsa, agogo ko zobe ko abin hannu, mai ɗauke da guntun na'urar RFID, irin wadda ke cikin katin buɗe ƙofar otal. Bindigar tana neman siginar abin, in yana kusa ta buɗe. Ta biyu, ta karanta jikin mutum kansa: zanen yatsa, ko fuska, ko yadda yake matse mariƙi (wannan na ƙarshe jami'ar fasaha ta New Jersey ta daɗe tana gwada shi, bai fito kasuwa ba).

Bayan tantancewa sai kuma yadda makullin ke aiki. A yawancin samfura akwai ɗan ƙarfe da ke tare allurar da ke dukan gindin harsashi. Idan an tantance mutum, lantarki ya janye ƙarfen, hanya ta buɗe. A sabon salo kuwa an raba kunama da allurar gaba ɗaya: kunama ta zama kamar maɓallin kunna fitila, saƙo take aikawa, na'urar ciki ce ke yanke hukuncin sakin allura. Bambancin yana da muhimmanci, domin ƙarfen da ke tare hanya ana iya cire shi a bar bindigar tana aiki, amma inda babu haɗin ƙarfe tsakanin kunama da allura, cire na'urar kashe bindigar ne.

To in abin kariya ne, me ya sa masu bindiga ke ƙinta?

Amsar tana jihar New Jersey. A watan Disamba 2002 gwamna Jim McGreevey ya sa hannu kan wata doka da ta ce: daga ranar da aka tabbatar ana sayar da irin wannan bindiga a ko'ina cikin Amurka, to cikin kimanin shekara uku babu wata ƙaramar bindiga sabuwa da za a sayar a jihar sai irinta. Waɗanda suka kawo dokar, ciki har da 'yar majalisa Loretta Weinberg, niyyarsu su tabbatar wa masu ƙira cewa akwai kasuwa tana jira.

Garin neman gira aka rasa ido. Dokar ta mayar da kowane mai shago a faɗin ƙasar ya zama mai riƙe da ashana kusa da fetur. In wani dillali a Kalifoniya ko Texas ya sa guda ɗaya a kanta, agogo ya fara bugawa a New Jersey, kuma mutanen can za su wayi gari ba su iya sayen Glock ko Smith & Wesson ko wata bindiga da aka saba da ita. Masu bindiga a sauran jihohi kuma suka ce yau New Jersey ce, gobe Kalifoniya da New York da Massachusetts. Saboda haka mafita a wurinsu ita ce kada a bari a sayar da ko da guda.

Ƙungiyar kare 'yancin masu bindiga, NRA, da ta masu masana'antar bindiga, NSSF, matsayinsu a rubuce shi ne ba sa adawa da ƙera ta ko sayar da ita ga mai so, abin da suke yaƙa shi ne tilastawa. Masu sukarsu na cewa wannan magana ce ta fatar baki, tunda a aikace ba su taɓa buɗe wa fasahar hanya ba. A 2014 Weinberg ta fito fili ta ce za ta nemi a soke dokar muddin NRA ta yi alkawarin daina tare hanya. Ba a ƙulla komai ba. Gaskiyar magana dai, kowane ɓangare yana da abin kamawa, amma dokar 2002 ita ce ta ba masu adawa hujja mafi ƙarfi da suka taɓa samu.

Me ya faru da shagunan da suka gwada sayarwa?

A farkon 2014 kamfanin Armatix na Jamus ya kawo bindigarsa iP1 Amurka. Tana cin harsashi 10 ƙirar .22, kuma ba ta tashi sai agogon da aka haɗa ta da shi yana cikin tazarar inci 10, wato kusan santimita 25. Mai ita zai sa lambar sirri a agogon, fitilar bayan mariƙi ta nuna kore, shi ke nan ta buɗe. In ja ce, a kulle take. Bindigar dala 1,399, agogon dala 399.

Shagon Oak Tree Gun Club da ke kusa da Los Angeles ne aka fara ruwaito zai sayar. Labarin na fita abokan ciniki suka yi masa ca a intanet, ana kiran a ƙaurace masa. Ba a jima ba shagon ya ja da baya, har ya musanta cewa ya taɓa shirin sayarwa. A watan Mayu wani shago a Rockville ta jihar Maryland, Engage Armament, ya ce shi zai sayar. Mai shagon ɗan rajin 'yancin mallakar bindiga ne na gaske, hujjarsa ita ce duk abin da zai sa mai jin tsoron ajiye bindiga a gida ya saya, riba ce ga masu bindiga. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu kiran waya da barazanar kisa suka sa ya janye ya ba da haƙuri.

Abin dariya a nan shi ne, a ƙarshen shekarar babban lauyan New Jersey ya yanke cewa iP1 ba ta ma cika sharaɗin dokar ba, domin wanda ba mai ita ba zai iya harbawa muddin agogon yana kusa, misali lokacin da ake kokawar ƙwace ta. Ashe duk wutar da aka hura, bindigar ba za ta tayar da dokar ba. Armatix ya shiga matsalar kuɗi a 2015, kuma injiniyan da ya tsara ta, Ernst Mauch, tsohon ma'aikacin kamfanin bindiga na Heckler & Koch, ya bar kamfanin.

Manyan kamfanoni fa, me ya hana su ƙerawa?

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A watan Maris 2000 Smith & Wesson ya ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Bill Clinton don ya tsira daga tarin ƙararrakin da birane suka shigar. Cikin sharuɗɗan akwai ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin cinikin bindigogi don binciken wannan fasaha. Masu saye da dillalai suka ƙaurace masa, ciniki ya faɗi da kusan kashi 40, aka sallami ma'aikata. Kamfanin Tomkins na Birtaniya, wanda ya saye shi a 1987 kan kusan dala miliyan 112, ya sayar da shi a 2001 kan dala miliyan 15, ban da bashin da ke kansa. Kafin wannan Colt ma ya gwada samfurin Z40 mai abin hannu na rediyo a ƙarshen shekarun 1990, ya sha suka, kuma samfurin ya ƙi tashi a gaban ɗan jarida. Aka ajiye aikin. Tun daga nan fagen ya koma hannun ƙananan kamfanoni masu tasowa waɗanda ba su da tsofaffin abokan ciniki da za su ɓata wa rai.

A aikace, me ke lalacewa a jikinta?

Nan ne masu adawa ke da maganar da ba ta siyasa ba, kuma ya kamata a saurare su.

Na'urar karanta yatsa tana son busasshen yatsa mai tsabta, a ɗora shi daidai. Gumi, jini, ruwan sama, man inji, ƙura, yanka a yatsa, safar hannu lokacin sanyi, duk suna sa ta ƙi. Mai aikin ƙarfi wanda zanen yatsunsa ya goge ya san wannan, haka duk wanda ya tsaya layin zaɓe a Nijeriya a 2015, ranar da na'urar tantance masu zaɓe ta yi ta ƙin gane shugaban ƙasa Goodluck Jonathan kansa. A rumfar zaɓe ana goge yatsa a sake gwadawa. Wanda aka ɓalle wa ƙofa da ƙarfe biyun dare ba shi da wannan sukunin, ga hannu yana rawa, ga duhu.

Mai agogo ko zobe ba ta damu da gumi ko safar hannu ba, amma tata matsalar daban. In an cire agogon don wanka ko barci, bindigar ta zama guduma. In an ji wa hannun dama rauni aka koma hagu, tazarar na iya wuce santimita 25. In kuma mutum ya gaji da wannan ya riƙa ajiye zoben a aljihun tebur ɗaya da bindigar, to yaro da ɓarawo sun sami makulli a jikin ƙofa.

Sai jikin bindigar kanta. Kowane harbi girgiza ce mai tsanani da zafi da hayaƙin albarushi, kuma ana wanke bindiga da sinadarai masu narkar da datti. Wayoyi da mahaɗan lantarki ba sa son ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wannan na cikin dalilan da suka sa iP1 ta tsaya a .22, harsashi mai raunin bugu wanda yawancin masu sayen bindigar kare kai ke rainawa. Su harsashin 9mm, wanda ya fi ƙarfi, suke nema.

Sai batir, wanda shi ne tambayar da ba ta da amsa mai daɗi: in ya mutu, bindigar ta kasance a buɗe ko a kulle? In a buɗe, ɓarawo zai cire batir kawai, ko ya jira ya mutu. In a kulle, mai ita na iya ɗaukarta ranar da ya fi bukata ya tarar da gawa. 'Yan sanda sun fi son ta buɗe, iyaye masu ƙananan yara sun fi son ta kulle, kuma bindiga ɗaya ba za ta gamsar da su duka ba.

Haka ma ma'aunin tantancewa. In aka tsaurara shi don kada baƙo ya wuce, zai riƙa ƙin mai ita. In aka sassauta, baƙo na iya wucewa. Na'urar da ke daidai sau 99 cikin 100 abin yabo ce a waya, amma a bindiga tana nufin ƙi ɗaya a kowace ɗauka ɗari, ƙari a kan cijewar da bindiga ke yi da ma can.

Ana iya yi mata kutse?

An yi. A 2017 wani mai kutse da ke kiran kansa Plore ya nuna a taron masu kutse na DEF CON a Las Vegas cewa iP1 na da rauni ta fuska uku. Ya iya toshe siginar da ke tsakanin agogo da bindiga ta yadda mai ita ma ba zai iya harbi ba. Ya iya miƙa siginar daga nesa ta yadda bindigar za ta ɗauka agogon yana kusa. Mafi muni, da maganaɗisu na kimanin dala 15 ya janye ƙarfen da ke tare allura daga waje, ba agogo ba lambar sirri. Masu goyon bayan fasahar sun ce yaro ɗan shekara biyar ba zai yi wannan ba, kuma wanda ya fizge bindiga a kokawa ba shi da lokacin neman maganaɗisu. Haka ne. Amma batun cewa bindigar sata za ta zama banza ga ɓarawo ya sha ruwa a ranar, tunda ɓarawo yana da lokaci da kayan aiki.

Gaskiya ne gwamnati za ta iya kashe ta daga nesa?

Ya danganta da ƙirar. Duk bindigar da ke dogara da siginar rediyo ana iya toshe ta, gwamnati ce ko ɗan fashi. Wadda ke karanta yatsa ko fuska a cikin jikinta, ba ta magana da wata na'ura ta iska, babu ƙofar da za a bi a kashe ta daga nesa. Tsoron dai ya yi tasiri har masu ƙira na yanzu suna tallata rashin intanet da GPS a matsayin abin alfahari.

Rayukan wa za ta ceta?

Alƙaluman hukumar kula da cututtuka ta Amurka, CDC, na 2021 sun nuna mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a Amurka. Daga ciki 26,328 kashe kai ne, 20,958 kisan kai, 549 kuma harbin kuskure. A 2020 bindiga ta zama kan gaba wajen kashe masu shekara 1 zuwa 19.

Inda fasahar za ta yi amfani a fili yake: yaron da ya tsinci bindiga a ƙarƙashin matashin kai, matashin da ke cikin ƙunci ya ɗauki ta mahaifinsa, ɗalibin da ya saci ta gida ya tafi da ita makaranta, da wanda aka fizge wa tasa. Inda ba za ta taɓuka komai ba shi ma a fili yake. Babban mutum da ya kashe kansa da bindigar da ya saya, ita ta san shi. Mijin da ya harbi matarsa, ta san shi. Sannan ga bindigogi kusan miliyan 393 da cibiyar Small Arms Survey ta ƙiyasta suna hannun farar hula a 2017, waɗanda ke iya shekara 50 ko fiye suna aiki. Ko da daga gobe kowace sabuwa mai makulli ce, waɗannan suna nan.

Akwai ma wasu masu yaƙi da yawaitar bindiga, irin su cibiyar Violence Policy Center, da ke ɗari-ɗari da fasahar, don suna ganin za ta sa gidajen da ba su da bindiga su saya da tunanin babu haɗari.

Masu bindiga za su saya kuwa?

Ya danganta da wanda ya yi tambayar da yadda ya yi ta. Binciken NSSF na 2013 ya ce kashi 14 ne kawai za su iya saye. Na jami'ar Johns Hopkins da aka buga a 2016 ya ce kashi 59 na Amurkawa za su duba yiwuwar saye. Wani na jami'ar a 2019, wanda ya tambayi masu bindiga zalla, ya fi fayyace lamarin: kusan kashi 79 sun yarda shaguna su riƙa ajiye ta tare da sauran, amma da aka ambaci ƙarin kuɗi, kashi 5 ne suka ce lallai za su saya. Ba su ƙi a sayar ba, su dai ba su yarda da ita a aljihunsu ba tukuna.

'Yan sanda suna amfani da ita?

Babu wata babbar rundunar da ta rungume ta. Dokar New Jersey ta 2002 ma ta cire 'yan sanda daga tilascin, abin da masu bindiga suka riƙe har yau: in ba ta isa ɗan sanda ya dogara da ita ba, don me za a ɗora wa magidanci? A Janairu 2016 Barack Obama ya umarci ma'aikatun tsaro, shari'a da tsaron cikin gida su duba fasahar, kuma a Nuwamba aka fitar da ƙa'idojin da bindigar jami'an tsaro mai makulli za ta cika. Ƙa'idojin na son rai ne, ba su wajabta wa kowa saye ba.

Dokar New Jersey tana nan?

An sauya ta. A Yuli 2019 gwamna Phil Murphy ya sa hannu kan sabuwa wadda ta soke haramcin sauran bindigogi. Yanzu wani kwamiti ne zai gwada samfura ya fitar da jerin waɗanda suka cancanta, sannan a wajabta wa shagunan jihar su ajiye aƙalla samfuri ɗaya don sayarwa. Ta fi ta da sauƙi nesa ba kusa ba, amma dillalai na cewa tilas dai tilas ce: an sa su zuba jari a kayan da wataƙila zai shekara a kanta.

Akwai wadda ake sayarwa yanzu?

Wadda ta fi fitowa fili ita ce ta kamfanin Biofire da ke Colorado, wanda Kai Kloepfer ya kafa. Ya fara aikin yana ɗalibin sakandare, ya kuma sami tallafin dala 50,000 daga gasar da masu kuɗin fasaha suka shirya bayan kisan makarantar Sandy Hook na 2012. An bayyana bindigar a Afrilu 2023: 9mm ce, farashi daga dala 1,499, tana da na'urar yatsa a mariƙi da kyamarar gane fuska a baya, kowacce ta riga tantancewa ta buɗe. Da an sake mariƙi ta kulle kanta. Batirinta na caji ne, tana zama a kan mazauni mai allo wanda a nan ake yi wa masu amfani rajista. Kunamarta ta lantarki ce. A nunin da aka yi wa Reuters a lokacin, samfurin gwaji ya ƙi tashi sau biyu, kamfanin ya ce matsalar ta ƙarfe ce ba ta tantancewa ba. An fara kai wa masu saye a 2024.

Kamfanin ya koyi darasin Armatix. Ya fito ƙarara yana adawa da duk dokar tilastawa, ya kuma ce ba zai miƙa bindigarsa ga kwamitin New Jersey ba. Ciniki kuma ta intanet yake yi: mai saye ya yi oda, a aika bindigar ga dillali mai lasisin tarayya kusa da shi, ya je ya cike fom ɗin gwamnati na sayen bindiga mai lamba 4473, a binciki tarihinsa ta tsarin NICS na FBI, sannan ya karɓa. Ta haka babu shagon da sai ya kafa ta a kanta ya jawo wa kansa fushin abokan ciniki. Kamfanonin LodeStar da SmartGunz su ma sun nuna nasu samfuran a 2022.

Ban da tsoron ƙauracewa, me ke damun dillali?

Lissafi. Glock 9mm tana kaiwa dala 500 zuwa 600, ga kube da gidan harsashi da kayan gyaranta a ko'ina, kuma kowane maƙerin bindiga ya san cikinta. Mai makulli ta ninka wannan kuɗi kusan sau uku, in ta lalace sai an mayar wa kamfani, in kamfanin ya rushe kamar yadda ƙanana kan yi, babu mai sabunta manhajarta ko kawo batirinta. Dillali yana kuma tunanin ranar da za ta ƙi tashi a hannun wanda ya saya a wurinsa, ko ta tashi a hannun yaro bayan an ce ba za ta tashi ba, wa lauyoyi za su nema.

Kwaɗo ko akwatin ƙarfe bai wadatar ba?

Ga wanda zai yi amfani da su, sun wadatar, kuma da araha. Tun dokar 2005 wajibi ne dillali ya haɗa wa mai sayen ƙaramar bindiga da abin kullewa, kuma shirin Project ChildSafe na NSSF yana raba kwaɗon waya kyauta ta hannun 'yan sanda. Ana cire gidan harsashi, a ja saman bindigar baya a tabbatar babu harsashi a ciki, a zura wayar ta ramin gidan harsashi ta fito ta inda kwanso ke fita, a datse. Akwai kuma ƙananan akwatunan gefen gado masu buɗewa da lamba ko yatsa. Matsalar ita ce wanda ya sayi bindiga don tsoron ɓarayin dare yakan ga kwaɗo zai ɓata masa lokaci, sai ya jefa shi a kwali ya bar bindigar cike a aljihun gado. Irin wannan gida masu ƙera bindiga mai gane mai ita ke nema, kuma binciken da aka yi a 2021 ya ƙiyasta yara kusan miliyan 4.6 ne ke zaune a gidajen da ke da bindiga cike ba a kulle ba.